Carina tana harbi da sanyin safiya, in ta ɗau zafi ta daina: ina zan fara dubawa?

Baban Sadiya, Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan motata, Carina E, injin 1.6, mai injekta ce, ba kabireta ba. Tun da hunturu ya kankama, da safe sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi. In ta tashi na ɗan taka totur sai ta yi fat! fat!, wani lokaci har ta mutu. Da zarar ta yi ɗumi shi ke nan, a wuni ba za ka ji komai ba. Bakanikena ya zaga da ita har Pitowa ya dawo ya ce lafiyarta lau. A Ngaundare abin ya fi tsanani, har maƙwabtan masaukina suka leƙo. Mako mai zuwa zan sake hawa can da iyali, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Me zan sa a canja?

Ɗan Domayo, Marwa:
Wa alaikumus salam Kawu. Buji ne, wato fulogi. Sayi huɗu sababbi ka huta.

Na Mubi:
Alhaji ina da fulogi NGK da Denso, da wayoyinsu, da kan delko mai raba wa fulogi wuta. In kana so gobe na ba direba ya kawo maka.

Shugaban Zaure:
Na Mubi, talla ranar Juma'a ake yi, ka sani. Bari masu sana'ar su yi magana tukuna.

Baba Mai Gareji, Lopere:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiya, kada ka sayi ko noti ɗaya yanzu. Amsa min wannan da farko: ƙarar daga ina take fitowa? Daga gaba, wajen akwatin filtar iska, ko daga baya, bakin salansa? Ciwo biyu ne daban, mutane ke haɗa su a suna ɗaya.

In daga gaba ne, wuta ce ta koma ta hanyar da iska ke shiga. Galibi fetur ne ya yi wa iska kaɗan. Cakuɗin da mai ya yi masa ƙaranci ba ya ƙonewa da sauri, yana ci a hankali, har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wutar ba ta mutu ba, sai ta lashi sabon cakuɗin da ke jira a bututu. Wannan ƙarar ba ta da kauri, fat take yi, kuma motar na shaƙewa a lokacin.

In daga baya ne, fetur ne ya fita bai ƙone ba, ya taru a salansa, ya samu zafi da iska ya tashi. Wannan tau! take yi mai ƙarfi, za ka ji warin ɗanyen mai. Nan ne ake zargin buji da wayoyi da delko, ko mai ya yi yawa, ko salansa ta huje.

Gobe ka buɗe kapo, wato murfin injin, ka sa wani ya tada ta, kai ka tsaya a gefe ka saurara. Kada ka kai fuskarka kusa, kuma kada ka cire filtar iska don ka ji da kyau, wuta na iya fitowa ta nan.

Sannan bakanikenka bai yi ƙarya ba. Motar da aka tuƙo daga Yelwa zuwa gareji ta riga ta yi zafi, abin da ake nema ya ɓuya. Mota mai irin wannan ciwo a gareji take kwana, a duba ta kafin rana ta fito.

Baban Sadiya:
Allah ya ƙara girma Baba. Ina kyautata zaton daga gaba ne, don kamar ƙarƙashin kapo nake ji, amma gobe bayan asuba zan tabbatar.

Ɗan Domayo:
Baba ni fa tawa da ta yi haka buji na canja ta daina.

Baba Mai Gareji:
Ɗana, na yarda. Taka ta baya take harbi ko ta gaba?

Ɗan Domayo:
Ta baya.

Baba Mai Gareji:
To ka gani.

Direban Falez:
Ni man nake zargi. Alhaji, a gidan mai kake sha ko zuwa-zuwa, wato man kwalba na bakin hanya? Mu da muke Garwa zuwa Ngaundare kullum, kusan kilomita 280, mun san halin kowane mai. Na bakin hanya wani garau yake, wani kuma an sirka shi da kananzir. Kananzir ba ya tashi tururi da sanyi, sai mota ta yi ta gardama da safe, in kuma ka kama hawan falez, dogon hawan dutsen nan na bayan Mbe, da kaya ka ji injin na ƙara ƙyal-ƙyal. Wani kuma ruwa ne a gindin jarka, musamman wanda ya biyo kogin Binuwai a kwale-kwale. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ribar masu sayarwa ta ragu, kowa kuma ya san abin da ke biyo bayan haka a hannun marasa tsoron Allah. Ba duka ba, akwai masu amana.

Gwajin ba ya cin ko dala. A zuƙo man tankinka a zuba a farar kwalba, a ajiye ta a inuwa na ɗan lokaci. In da ruwa za ka ga ya kwanta a ƙasa, da layi tsakaninsu. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur zalla zai bushe bai bar komai ba, mai kananzir zai bar tabon maiƙo ya daɗe.

Baban Sadiya:
Ina haɗawa ne Malam. In da hali gidan mai, in babu na tsaya wajen masu kwalba.

Hajiyar Kusiri:
Wa zai ga laifinka Alhaji? Lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Kowa lissafi yake yi.

Malamin Lise, Gidar:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar direba. Ko ba a sirka shi da komai ba, fetur ɗin da ya wuni a kwalba ko jarka a rana yana rasa wani sashe nasa. Fetur ba abu ɗaya ba ne, haɗin sinadarai ne, wasu masu saurin tashi, wasu masu nauyi. Masu saurin tashin su ne ke fara gudu in rana ta buga, kuma su ne injin ke dogara da su lokacin da ƙarfe ke da sanyi. Shi ya sa man da ke tafiya lafiya da azahar yake iya ba ka wahala da asuba.

Injin da ya yi zafi yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Mai sanyi kuwa yana buƙatar mai fiye da haka sosai, don wani ɓangaren man ba ya zama tururi, mannewa yake a bangon bututu kamar raɓa a jikin kwano, bai kai ga wuta ba. A motar kabireta cok ke ƙara man nan. A mai injekta kwamfutar motar ce ke ƙarawa, bayan ta tambayi wata 'yar na'ura ko ruwan injin na da sanyi. Ngaundare tana kan tudu, sama da mita 1,000, safiyarta a watan Janairu takan sauka ƙasa da digiri 15. Don haka ba mamaki abin ya fi tsananta a can.

Direban Falez:
Malam ya fassara abin da muke gani a hanya. Allah ya ƙara ilimi.

Mai Wayarin, Njamena:
Salamu alaikum. Yanzu na shigo na karanta daga sama. Yaya Baban Sadiya, tambaya ɗaya: in ka murza makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, kafin ka tada injin, akwai wata 'yar fitila ruwan lemo mai hoton injin. Tana kamawa?

Baban Sadiya:
Ta batir da ta baƙin mai suna kamawa, jajaye. Mai hoton injin kam ban taɓa ganinta ba tun da na sayi motar.

Mai Wayarin:
To nan ne zan fara, in ni ne. Dole fitilar nan ta kama in an buɗe makulli, ta mutu in injin ya tashi. In ba ta kamawa sam, ko ƙwan ya ƙone ko wani ya zare shi. Motocin da suka sha hannu kafin su iso mana, da yawa haka ake yi musu don kada mai saye ya ga fitila na ci ya tsorata. Kwamfutar na iya yin shekaru tana kuka ba mai jinta.

Carina E daga 1992 zuwa 1997 aka yi ta, ba ta da bakin nan mai ramuka 16 da ake soka na'urar bincike a motocin fetur na Turai daga 2001. Kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai sa mata kwamfuta. Nata a sauƙaƙe yake. A ƙarƙashin kapo akwai ɗan akwati da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. In an gyara fitilar, a haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, a buɗe makulli ba tare da an tada injin ba, sai fitilar ta fara ƙiftawa. In tana ƙiftawa bai ɗaya ba tsayawa, ba laifin da ta riƙe. In ta ƙifta biyu, ta dakata, ta sake biyu, lamba 22 ke nan, wato na'urar zafin ruwa ko wayarta. Lamba 21 ta na'urar hayaƙi ce, 31 kuma ta mai auna iskar bututu. A lura da kyau kada a soka wayar a ramin da ba shi ba, sunayen na rubuce a cikin murfin.

Abin da ya sa na fi zargin 22: idan wayar na'urar zafin ruwa ta tsinke, kwamfutar Toyota ta wancan zamani ba ta tsayar da mota. Sai ta ɗauka kawai ruwan yana kan digiri 80, ta ci gaba da ba da mai irin na injin da ya yi zafi. Da rana wannan ƙiyasin ya yi daidai da gaskiya, ba ka jin komai. Da asuba kuwa injin na digiri 15 ana ba shi rabon mai digiri 80. Sai wahalar tashi, sai fat-fat ta gaba in ka taka, sai mutuwa. Duk abin da ka lissafa.

Na'urar ita kanta ana auna ta da mita. Da sanyi, wajen digiri 20, ta ba da om 2,000 zuwa 3,000. In injin ya yi zafi ta sauko wajen 300. Kuma a kula, ba ita ce mai waya ɗaya da ke motsa allurar zafi a gaban direba ba. Mai waya biyu ake nufi. Na sha ganin an canja waccan an bar mai laifin.

Ɗan Domayo:
Kai! Yaya wannan karatu ne. Na ajiye shi a waya.

Baba Mai Gareji:
Mai Wayarin ya yi magana mai kyau, amma kada a rataya komai a wuyan waya. Ni abin da hannuna ya fi kamawa a irin wannan shi ne iskar sata. Gasket ɗin da ke tsakanin bututun iska da kan injin in ya tsufa yana barin 'yar kafa da sanyi, in ƙarfe ya yi zafi ya buɗa sai kafar ta toshe da kanta. Ƙananan tiyoyin roba ma zafin Garwa na watan Afrilu yana busar da su su tsattsage, ba ka gani sai ka lanƙwasa su. Sai kuma filtar mai da famfon cikin tanki. Wanda ke shan man kwalba, datti na taruwa masa. Injin nan yana son matsin mai wajen bar 3, in famfo ya gaji da safe ne zai fara nunawa, lokacin da ake buƙatar mai da yawa.

Mai Wayarin:
Gaskiya ne Baba, ban musa ba. Sai dai a wannan injin akwai bambanci kaɗan. Shi ba ya auna iskar da ke wucewa ta tiyon filta, matsin cikin bututu yake aunawa. In tiyo ya tsage, na'urar na ganin iskar ta ƙaru ta ƙara mai, sai dai ka ji injin na gudu sama in mota na tsaye. Gasket ɗin da ka faɗa kuwa, in kafar tana dab da silinda ɗaya, wannan kam zai sa shi kaɗai ya rasa mai ya yi ta harbi. Kuma akwai dalilin da ya sa zafi ke rufa wa irin waɗannan asiri: na'urar hayaƙin da ke jikin salansa ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 300. Kafin nan kwamfuta a makance take ba da mai. Da na'urar ta farka sai ta ga mai ya yi kaɗan ta cike giɓin.

Baba Mai Gareji:
Madalla. Mu mun koyi aiki a kan Pijo 504 da kabireta Solex, ku kun zo da mita. Baban Sadiya, injinka na gudu sama in kana tsaye?

Baban Sadiya:
A'a Baba, da safe ma ƙasa-ƙasa yake, kamar zai mutu, sai na riƙe shi da ƙafa.

Baba Mai Gareji:
To wannan ya fi karkata wajen maganar yaron nan. Lafiyayyen injin da sanyi sama yake farawa, sannan ya sauko a hankali.

Hajiyar Kusiri:
Tunda malamai sun hallara bari ni ma in shigo da tawa. Starlet ce tsohuwa mai kabireta, da ita yarona ke kai min kaya kasuwa, wani lokaci ya haye gadar Ngeli. Ita ta baya take yi, tau! tau!, da baƙin hayaƙi da safe, har yaran unguwa sun sa mata suna. Mai kuma sha take kamar me.

Baba Mai Gareji:
Hajiya, taki akasin tasa ce. Tasa yunwar mai, taki ƙoshi ya yi yawa. A cire murfin filta injin na kashe kuma da sanyi, a duba faifan cok da ke saman kabireta. Da sanyi ya kasance a rufe, da injin ya tashi ya ɗan buɗe kaɗan, in ya yi zafi ya miƙe tsaye. Ƙurar hunturu na haɗuwa da maiƙo ta riƙe shi a rufe. A wanke, a ga yana motsi da yatsa. A kuma duba filtar iskar kanta, a watannin nan kafin ka ankara ta toshe, kuma busa ta da iska ba ya mayar da ita sabuwa. In an cire buji za ki ga bakinsu baƙi ƙirin da gawayi.

Sannan ki sa yaron ya tada ta cikin duhu kafin kiran assalatu, ya buɗe kapo ya kalli wayoyin buji da kan delko. In ya ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikinsu, wuta na zuba a hanya. Ido kawai, kada ya taɓa. Kan delko in ya tsage, danshi na shiga tsagar da dare, ku da kuke bakin Logon kun fi mu samun wannan. Rana na fitowa ya bushe, mota ta koma lafiya.

In an cire wayoyin a mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. Yaran gareji na rikita biyu, mota ta yi ta harbi gaba da baya, amma wannan ba ya jiran sanyi, ko yaushe yi take.

Hajiyar Kusiri:
Allah ya saka da alheri Baba. Wa za ku ba ni shawara in kai wa a nan? Wanda nake kai wa da ya ji ƙara sai ya kama murɗa delko.

Mai Wayarin:
Hajiya, ba zan ambaci gareji a zaure ba, na san doka. Amma ga yadda za ki gane na kirki: wanda zai saita delko da fitilar saiti, ba da kunne ba, kuma wanda zai ce ki bar motar ta kwana. Duk wanda ya murɗa delko don ya kashe harbin safe, ya ɓoye ciwon ne, da rana kuma injin ya riƙa zafi ko ƙara. Masu gyaran tsofaffin tasi sun fi sanin kabireta fiye da manyan gareji masu gilashi. Zan turo wa Alhajinki bayanin wani ta gefe.

Hajiyar Kusiri:
To madalla, na gode ƙanena.

Na Mubi:
Shugaba, ba talla ba ce wannan, gargaɗi ne. Duk mai sayen fulogi ya duba da kyau, jabu sun cika kasuwa, daga namu ɓangaren har wanda ke zuwa daga Duwala. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ka duba zaren dunƙulen ko ya fita sumul, zoben ƙarfen bakin kuma na asali ba ya zarewa da sauƙi. In farashin ya yi araha fiye da hankali, ka bar shi. Kuma Carina E akwai wadda injinta ke da tsarin tsimin mai, fulogin da take ci daban ne da na sauran. A je da tsohon a gwada lamba, kada a ce wa yaron shago "na Carina" kawai.

Shugaban Zaure:
Wannan ta wuce.

Baban Sadiya:
Jama'a barkanmu da war haka. Ga yadda aka yi. Na saurara da asuba kamar yadda Baba ya ce, ta gaba ce, daga akwatin filta. Man kwalba ban ga ruwa ba, takarda ma ta bushe tas. Na kai ta wajen wani mai wayarin ta kwana. Da ya buɗe allon gaban direba, gurbin fitilar injin wayam, ba ƙwai. Ya sa wani, ya haɗa ramukan nan biyu, ta ƙifta biyu da biyu a gabana. Na'urar da ya auna lafiyarta lau, waya ɗaya ce ta rube ta tsinke a cikin soket, roba kawai ke riƙe da ita. Ya canja soket ɗin, ya zare fis na ɗan lokaci don lambar ta goge. Yau da safe murzawa ɗaya ta tashi, injin ya hau sama da kansa sannan ya sauko, na taka ba fat ko ɗaya. Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba da Mai Wayarin.

Sai dai ya nuna min wani abu. Ya ce motar ba ta da kalosta, abin nan mai daidaita zafin ruwan injin, an cire, kuma an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga buɗe makulli. Ya ce in mayar. Bakanikena kuma ya ce kada in kuskura, a zafin Garwa injin zai ƙone. Wanne zan bi?

Direban Falez:
Alhamdu lillahi. Amma maganar kalosta, Alhaji bi bakanikenka. Wannan abin don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Mu duk motocin layinmu ba mai shi. Ranar da ya maƙale a rufe kana tsakiyar falez da iyali, wa zai cece ka? A watan Maris da Afrilu nan zafi na haura digiri 40.

Mai Wayarin:
Yaya direba, a nan kam ban bi ka ba. Njamena ta fi Garwa sanyi ne? Kalosta ɗan bawul ne a bakin tiyon lagireto, yana tsare ruwa a cikin injin har ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe. Bayan ya buɗe ba ya hana komai. Injin da ke aiki a 85 ko 90, iskar waje ta digiri 40 ba ta fi ƙarfinsa ba in lagireto na da tsabta. Amma in babu shi, da hunturu injin na daɗewa bai yi zafi ba, a gangaren falez ma allura faɗuwa take ƙasa. Yanzu da aka gyara wayar nan, kwamfuta za ta riƙa ganin sanyin gaskiya ta yi ta ƙara mai muddin ruwan bai yi zafi ba. Wato Yaya Baban Sadiya zai ga shan mai ya ƙaru a gajerun tafiye-tafiyen cikin gari, buji na yin baƙi, fetur na wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai.

Direban Falez:
Ƙarin lita ɗaya ya fi sauƙi a kan gasket ɗin kan injin.

Baba Mai Gareji:
Ku duka kuna da hujja, amma bari in faɗi abin da na gani a aiki. Yawancin motocin da aka cire wa kalosta, an cire ne don sun fara zafi, kuma abin da ya sa su zafin lagireto ne da ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya. Maimakon a wanke, sai a zare kalosta a ɗaure fanka. Motar haya da ke wuni a kan hanya ba ta cika jin rashinsa ba, don ba ta hucewa. Motar gida mai kai yara makaranta ta dawo ita ke cutuwa.

Baban Sadiya, ga shawarata. Kada ka taɓa wannan kafin tafiyarka, ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka dawo a yadda take. In ka dawo, a wanke lagireto, a canja murfinsa in robar ta mutu, a mayar da fanka kan makunninta na zafi a tabbatar tana kamawa da kanta, sannan a sa kalosta, a zuba ruwan sanyaya injin na galan ba na rijiya ba. Sai ka yi kwanaki kana zagaya gari idonka na kan allura kafin ka yi doguwar hanya. In ba za a yi duka ba, gara a bar ta haka.

Direban Falez:
In dai za a wanke lagireto a gyara fanka, to ban ƙi ba. Abin da nake tsoro a jefa shi kawai a rufe.

Baban Sadiya:
Na ji Baba, haka za a yi in sha Allahu. Na Mubi, kana da na asali?

Shugaban Zaure:
Ku ƙarasa cinikin ta gefe.

Na Mubi:
To Shugaba. Abu ɗaya kawai Alhaji, ko a wajena ka saya ko a wani wuri: ka duba an buga 82 a jikinsa, kuma kafin a ɗaura a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, in an tsamo shi ya huce ya rufe ruf. Wanda bai yi haka ba a mayar wa mai shago. Wajen ɗaurawa kuma 'yar hujin nan mai ƙaramin ƙarfe na lilo ta kalli sama, don iska ta samu hanyar fita.

Hajiyar Kusiri:
Baba, yaron ya duba da asuba. Ya ce faifan cok a rufe yake ko da injin ya yi zafi, kuma ya ga wuta na tsalle a waya ta uku. Wayar kaɗai za a canja ko duka huɗun?

Baba Mai Gareji:
Duka Hajiya, tare suka tsufa. Amma a fara wanke cok ɗin, a goge buji, a kwana a ji yadda za ta tashi.